Malamin Kwaleji Ma Ma'aikacin Ubangiji Ne: Abin da Rayuwar Farfesa Ishaya Audu Ke Faɗa Mana



Akwai wata al'ada da ta zauna mana a ikkilisiyoyinmu na karkara, wadda nake roƙo mu sake dubanta. Idan yaro ya tashi ya ce Ubangiji ya kira shi zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki, ko a Tofa, ko Kagoro, ko Jos, sai ikkilisiya duka ta miƙe tsaye. A kira shi gaba ranar Lahadi, a ɗora masa hannu, a yi baiko na musamman, iyaye mata su haɗa masa gero da gyaɗa da ɗan kuɗin mota. Wannan daidai ne, kada kuma a daina. Amma idan wani yaron ya ce shi burinsa ya karanta lissafi ko kimiyyar noma har ya zama malami a kwaleji ko jami'a, abin da zai samu daga gare mu shi ne "Allah ya ba da sa'a", shi ke nan. A zuciyarmu mun riga mun yi rabo: wancan na Ubangiji ne, wannan na duniya ne. Ba ma sake tunawa da shi sai ranar da ya dawo da mota, sa'an nan mu sa shi babban baƙo a taron neman gudummawar ginin majami'a.

A ganina wannan rabo kuskure ne, kuma yana jawo mana hasara mai yawa. Domin kada maganar ta zama ra'ayi kawai, bari mu dubi rayuwar ɗaya daga cikinmu, Bahaushe mai bi, wanda matasanmu da yawa ba su ma san sunansa ba.

An haifi Ishaya Sha'aibu Audu a Anchau, cikin ƙasar Zazzau, a shekarar 1927. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi bishara ta hannun mishan na CMS. Wannan mishan shi ne wanda Dokta Walter Miller ya yi wa aiki. Miller ya fara zuwa Kano a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. A makarantar St. Bartholomew ta Wusasa Ishaya ya yi karatunsa na farko. 'Yar ƙaramar al'umma ce, amma ta ɗauki karatu da muhimmanci ƙwarai. Daga cikinta Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma sunansa ne aka sa wa babban asibitin nan na Kaduna. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Daga Wusasa Ishaya ya tafi Yaba a Legas, sai Ibadan, sai Landan, inda ya gama karatun likita. Ya ƙware a kan cututtukan yara, ya kuma koyar da ɗaliban likita a Jami'ar Legas. Abin da mutane suka fi tunawa daga wancan lokaci shi ne ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Mu tsaya a nan kaɗan. Sardauna mutum ne mai kishin addininsa, kowa ya san yawon musuluntarwa da ya yi a shekarunsa na ƙarshe. Duk da haka lafiyar jikinsa ya damƙa ta a hannun ɗan Malam Bulus, mutumin da bai sāke sunansa ba, bai kuma ɓoye inda yake sujada ba. Mutum ba ya miƙa wa likita jikinsa don tausayi ko don a cika adadi. Yana miƙawa ne ga wanda ya tabbata ya iya aikin, kuma ba zai ci amanarsa ba.

A 1966 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana ɗan shekara 39. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan kujera, bayan Bature Norman Alexander. Jami'ar kanta an buɗe ta ne a 1962, wato jaririya ce. Shekarar kuwa ba mai sauƙi ba ce. An kashe Sardauna a watan Janairu, an yi kashe-kashe a garuruwan Arewa, malamai da ɗalibai 'yan Gabas sun tattara sun tafi, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Cikin wannan hali ya riƙe jami'ar shekara tara, har 1975. A zamaninsa aka kafa sashen koyon aikin likita, aka kuma buɗe makarantar share fagen shiga jami'a domin yaran Arewa da ba su da takardun da za su shiga kai tsaye. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, a lokacin reshe ce ƙarƙashin jami'ar da yake shugabanta. Saboda haka manyan ma'aikata da alƙalai da malaman jami'a na Kano da suka yi karatu a waɗannan shekaru, galibinsu Musulmi, a ƙarƙashin shugabancin Bahaushe Kirista suka sami digirinsu.

Sauran tarihin zan taƙaita shi. A 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari har 1983, sojoji kuma suka tsare shi bayan juyin mulkin ƙarshen wannan shekara. Da ya fito ya koma Samaru ya buɗe asibiti, ya ci gaba da duba marasa lafiya, yana kuma aikin fasto. Ya rasu a watan Agusta na 2005. Mutane sukan fara ambaton ministan idan ana maganarsa. Ni kuwa na fi ganin nauyin shekarun aji da ɗakin marasa lafiya da ofishin jami'a. Siyasa kowa da ra'ayinsa a kanta, amma likitocin da aka horar a Zariya suna nan suna duba 'ya'yan Musulmi da na Kirista.

To, tambayata ga iyayenmu dattawa ita ce: yaushe Farfesa Audu ya fara yi wa Ubangiji hidima? Sai da ya tsufa ya hau bagade? Idan muka ce haka, to mun ce shekarun da ya yi yana koyarwa da warkarwa da riƙon amanar jami'a ba su da lissafi a gaban Allah. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Sura ta farko ta littafin Daniyel ta nuna mana saurayi da aka sa a makarantar Babila, ya koyi harshensu da iliminsu har ya fi sauran, bai kuwa ƙazantar da kansa ba. A sura ta shida abokan gabansa sun bincike aikinsa na gwamnati kaf, ba su sami abin kamawa ba, sai da suka koma kan addu'arsa. Musa ya sha ilimin Masarawa. Bulus a gaban Gamaliyel ya yi karatu. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni, likita ne.

Kuma ba Farfesa Audu kaɗai ba ne. Farfesa Adamu Baikie a Sabon Garin Kano ya tashi, har ya rubuta littafi a kan unguwar. Ya zama farfesan ilimi a Zariya, ya shugabanci Jami'ar Benin daga 1978 zuwa 1985, ya shugabanci jami'ar ƙasar Lesoto, sa'an nan ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Jami'a uku, mutum ɗaya, ɗan ikkilisiya.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Zai ce waɗannan 'ya'yan Wusasa ne da birni, sun sami makarantar mishan tun da wuri, Turawa suka riƙe hannunsu. Mu kuwa a ƙauyukan Kano bishara ta zo mana a makare, ta hanyar asibitin kutare da asibitin ido da masu bishara masu tafiya a ƙasa ko a keke. 'Yan makarantun da mishan ya buɗe, irin na Roni da Kabo, ba su ɗauki kowa ba, daga baya ma gwamnati ta karɓi makarantun mishan. Haka ne. Iyayenmu da yawa karatunsu bai wuce iya karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da Hausa ba, wannan ma babban abu ne. Amma zamani ya juya. A da sai an je Legas ko Ibadan. Tun 2001 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ga makarantar horar da manyan 'yan sanda a Wudil ɗin dai. Ga jami'ar tarayya a Dutse tun 2011. Ga manyan makarantun horar da malamai a Kano da Kumbotso da Bichi. Yaron Indabo zai iya zuwa lacca da safe ya kwana a gidan ubansa. Ruwa ya zo har ƙofar gida, mu ne ba mu fito da tulu ba.

Tsoro na biyu ya fi wannan nauyi, ba kuma zan raina shi ba. Iyaye sun ga 'ya'yan da boko ya ɗauke. Wani ya tafi ya dawo yana jin kunyar sujadar Hausa. Wani ya daina zuwa majami'a gaba ɗaya. Wata ta tafi makaranta, labarin da aka ji shi ne ta bar bangaskiya. Wani kuma ya ga sunansa na baftisma yana tsaya masa a gaba wajen neman aiki, sai ya ajiye shi. Uwar da ta ga haka ba za a ce mata tsoronta na banza ne ba.

Amma mu tambayi kanmu, wa yake tarbar yaronmu idan ya shiga kwaleji? Bahaushe mai bi yana da wata irin kaɗaici da sauran 'yan'uwa ba su cika ganewa ba. Abokan karatunsa Musulmi, waɗanda harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya, sukan yi mamaki su ce yaya Bahaushe zai zama Kirista. Idan ya je zumuntar ɗalibai Kirista, da Turanci ake yin komai, yawancinsu 'yan Kudu ne ko 'yan Filato da kudancin Kaduna, wani lokaci ma kallon tuhuma za su yi masa saboda rigarsa da hularsa. Ga shi nan a tsakiya, ba ya nan ba ya can. Ƙungiyar FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, da NIFES ta manyan makarantu, sun yi aiki mai kyau, Allah ya sāka musu. Sai dai babu abin da zai kai wa irin wannan yaro kamar ya ƙwanƙwasa ƙofar wani ofis, ya tarar da malami mai digiri uku wanda zai amsa masa da Hausar gida, wanda ya san Indabo da kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, wanda kuma zai gan shi ranar Lahadi a wurin sujada. Ganin wannan mutum kaɗai ya amsa tambayar da ke damun yaron. Idan muka hana 'ya'yanmu zama malamai don tsoron kada su ɓace, to waɗanda za su tafi karatu duk da haka, su ne za su tarar ba kowa a can.

Akwai kuma maganar darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Shekara da shekaru muna kuka cewa 'ya'yanmu ba su da mai koya musu shi. Kukan yana kan hanya, shugabanninmu kuma su ci gaba da kai shi inda ya dace. Amma ranar da aka ce to ku kawo malamai masu takardar NCE ko digiri, 'yan asalin ƙananan hukumominmu, mutum nawa za mu iya tsayarwa? Malamin firamare da na sakandare a kwaleji ake yin su, mai yin su kuwa shi ne malamin kwaleji.

Ba na so in yi kamar hanyar ba ta da ƙaya. A watan Maris na 1987 rikicin da ya ƙone majami'u a Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, a kwalejin ilimi ta Kafanchan ya fara, tsakanin ɗalibai. A ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka auka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane fiye da goma, cikinsu har da Farfesa Jerome Ayodele na sashen kimiyyar sinadarai da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi na sashen ilimin ɗakin karatu. Mutanen nan sun ba da shekarun ƙarfinsu suna koyar da 'ya'yan Kano, a wurin sujada kuma mutuwa ta same su. Ya kamata ikkilisiyoyin Kano su riƙa tunawa da su da suna. Ya kamata kuma mu faɗi gaskiya cewa abokan aikinsu da ɗalibansu Musulmi sun yi baƙin cikin wannan rana, domin malamansu ne su ma. Duk wanda ya zaɓi ya zauna ya koyar a nan ya san abin da ya zaɓa. Wanda kuma ya ga ya fi masa ya koma Jos ko Abuja saboda iyalinsa, ba ni da bakin hukunta shi. Abin da nake cewa shi ne wanda ya zauna yana bukatar ikkilisiya a bayansa kamar yadda mai bishara a sabon fili yake bukata.

Yanzu ga ku 'yan'uwa da Allah ya riga ya kai ku wannan matsayi, ko kuna kan hanya. Shaidarku ba ta fara daga wa'azi ba. Aji ba bagade ba ne, gwamnati kuma ba ta biyan ku albashi don ku mai da darasin lissafi taron farkawa. Shaidarku tana cikin zuwa aji a kan lokaci, da shirya darasi, da duba takardun jarrabawa da kanku, da mayar da sakamako ba tare da ɗalibi ya yi ta sintiri ba. Kowa ya san cututtukan manyan makarantunmu: tilasta wa ɗalibai sayen takardun lacca, karɓar kuɗi a ƙara maki, neman 'yan mata da barazanar kayarwa, kwafe binciken wani a sa suna a kai don neman ƙarin girma. Idan malami ɗaya mai sunan Littafi Mai Tsarki ya aikata ɗaya daga cikin waɗannan a wuri irin namu, ba shi kaɗai za a zaga ba. Mu 'yan kaɗan ne, saboda haka laifin ɗaya yakan zama na duka.

Akwai wata jaraba kuma da ba mu cika kiranta zunubi ba, wato son kai na addini. Ɗalibi ya zo ya ce, "Baba, ni ɗan ikkilisiyarku ne, maki biyu ya rage mini." Ko dattijo ya aiko da saƙo a taimaka wa 'yar wane. Idan ka ƙara wa Bitrus maki biyu ka hana Abubakar, ka yi abin nan da muke kuka ana yi mana. Taimakon da ya halatta shi ne ka zaunar da Bitrus ka sake koya masa, ƙofarka kuma ta kasance a buɗe ga Abubakar daidai wa daida. Iyayenmu dattawa, ina roƙonku da girmamawa, ku daina aika irin wannan saƙo. Kuna sa ɗanku cikin tsaka mai wuya. Da Farfesa Audu ya mai da jami'ar Zariya gonar 'yan'uwansa, da bai yi shekara tara a kujerar ba, da kuma ba a ambatonsa da mutunci a bakin waɗanda ba addininsu ɗaya ba.

Wani abin da ikkilisiya ba ta cika fahimta ba shi ne tsawon hanyar. Mutum zai gama digiri na farko, ya yi hidimar ƙasa, in ya yi sa'a a ɗauke shi ƙaramin malami. Daga nan sai digiri na biyu, sai na uku, wanda yakan ci shekara uku zuwa biyar ko fiye. Ƙarin girma ba ya zuwa sai da rubuce-rubucen bincike da aka buga. Asusun TETFund yana taimaka wa malaman manyan makarantun gwamnati su ƙaro karatu, amma sai ka riga ka shiga aikin. Ga yajin aiki: na 2022 kaɗai wata takwas ya yi, malaman jami'o'in tarayya suka zauna ba albashi. A cikin waɗannan shekaru mutumin da muke gani kamar mai kuɗi yakan kasance yana bin bashi. Mu kuwa da zarar mun ji ana ce masa lakcara, sai mu jibga masa kaya: shi ne sakatare, shi ne ma'aji, shi ne shugaban kwamitin gini, shi ne mai fassara, kuɗin makarantar yaran dangi duka a kansa. In ya ce yana rubutun digirinsa ba zai sami zuwa taron mako ba, sai a ce girman kai ya shige shi, ko ya yi sanyi a ruhaniya. Wannan ba adalci ba ne. Wanda yake makarantar tauhidi ba ma kiransa ya bar jarrabawa ya zo taron kwamiti. A ba ɗan'uwan nan hidima ɗaya da zai iya riƙewa, ko ajin matasa na makarantar Lahadi, ko darasin hutu ga masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, a bar shi ya gama karatunsa.

'Yan mata kuma kada a bar su a baya cikin wannan lissafi. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinta, sau da yawa ita ce ake fara cirewa idan kuɗi ya gaza, ko a aurar da ita don tsoron abin da zai same ta a makaranta. Ɗalibanmu mata kuwa su ne suka fi bukatar malama mai bi da za su kai wa kukansu, domin akwai maganar da yarinya ba za ta iya faɗa wa namiji ba, ko da fasto ne. Zumuntar mata ta fi kowace ƙungiya a ikkilisiya iya tara kuɗi da riƙon amana. Idan iyayenmu mata suka ɗauki yarinya ɗaya a kowace gunduma suka ce wannan tamu ce har ta gama, za ta gama.

Shawarata ga majalisar dattawa a zamansu na gaba ƙarama ce. A rubuta sunayen dukan yaran ikkilisiya da ke ajin ƙarshe na sakandare da waɗanda ke manyan makarantu, da abin da kowannensu yake karantawa. Duk wanda zai tafi, ko aikin gona zai karanta ko tauhidi, a kira shi gaba a yi masa addu'a iri ɗaya, a kuma ba shi wasiƙa zuwa ga fasto ko malami mai bi a garin da za shi. A taimaka wa iyaye su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yaro yana aji huɗu, kada a bari sai an zo cike fom a shiga gudu. Rajistar JAMB kuma a farkon shekara ake yin ta, wato jim kaɗan bayan baikon godiya na kaka, lokacin da hatsi yake rumbun ikkilisiya. A ware buhu biyu ko uku daga ciki tun a watan Disamba, a sayar, a ajiye kuɗin a hannun ma'aji da sunan yaran da za su rubuta jarrabawar.